Fam ɗin da ya mutu a aljihun Baba Tsoho

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira 1000 ya ga fuskokin mutum biyu a jikinta. Mu mutanen jihar Maraɗi ba baƙuwarmu ba ce, ko a Dakoro da ke nesa da iyaka za ka gan ta hannun masu canji da dillalan dabbobi. Wata rana a ɗakinmu na jami'a a Yamai na fiddo ta, na tambayi abokaina ko su wane ne waɗannan. Ɗaya ya ce mai hular Sardauna ne. Wani ya ce ko su wane ne, tun da naira ta faɗi ba ruwansa da su. To, mai hular Aliyu Mai-Bornu ne, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Babban Bankin Najeriya, daga 1963 zuwa 1967. Na gefensa Clement Isong ne, wanda ya gaje shi a 1967, shekarar da yaƙin Biyafara ya ɓarke, ya kuma riƙe bankin har 1975. Ba na jin Isong ya taɓa jin sunan Dakoro. Amma hukuncin da aka yanke a bankinsa ya shigo har cikin gidanmu, kuma yana nan har yau cikin wani tsohon gwangwanin shayi na kakana.

Kafin in buɗe gwangwanin, bari in faɗi dalilin da ya sa babban banki ke sa ido kan bashi idan yaƙi ya taso. Lokacin yaƙi ƙarfe, man fetur, yadi da kuɗin ƙetare duk suna karkata wajen soja, kaya su yi ƙaranci a kasuwa. A lokaci guda gwamnati na biyan sojoji da ƴan kwangila, kuɗi su yi yawa a hannu. Idan aka bar mutane suna ƙara cin bashi suna sayen ɗan kayan da ya rage, farashi zai tashi ba birki. Shi ya sa ake neman hanyar da za a rage wa talaka saye ba tare da an fito an ce masa kada ya saya ba.

Amurka ce ta yi wannan aiki a rubuce, filla-filla. A watan Agusta 1941, wata huɗu kafin Japan ta kai hari Pearl Harbor, shugaba Roosevelt ya sa hannu kan wani umarni da ya bai wa babban bankinsu, Federal Reserve, ikon tsara bashin da mutane ke ci don sayen kayan gida. Shugaban bankin a lokacin Marriner Eccles ne. Dokar da suka fitar ana ce mata Doka W, ta fara aiki ranar 1 ga Satumba 1941. Mai son mota a biya kaɗan-kaɗan sai ya ajiye kashi ɗaya cikin uku na kuɗin nan take, mai son firji ko rediyo ya ajiye kashi 20 cikin ɗari, kuma duka a gama biya cikin wata 18. A watan Mayu 1942 aka ƙara matsawa. Wa'adin yawancin kaya ya koma wata 12, dokar ta shiga har cikin littafin bashin kantuna: wanda bai biya abin da ya ɗauka ba zuwa ranar 10 ga wata na biyu bayan sayen, an hana kanti ya ƙara ba shi irin kayan da dokar ta lissafa. Abin da ya fi jan hankalina, ni ɗalibin harshe, shi ne wata takarda da mai neman rance zai cike ya faɗi abin da zai yi da kuɗin. Idan na asibiti ne, ko jana'iza, ko makaranta, dokar ba ta hau kansa ba. Kenan sunan da ka bai wa buƙatarka shi zai buɗe maka ƙofa ko ya rufe.

Bashin biya kaɗan-kaɗan ya faɗi daga wajen dala biliyan 6 a 1941 zuwa wajen biliyan 2 a tsakiyar yaƙin. Sai dai kada mu ba dokar ladan da ba nata ba ne duka, tun da a farkon 1942 masana'antu suka daina ƙera motocin farar hula, ba ma abin da za a saya. An kuma soke ta da wata magana mai gaskiya: mai kuɗi yana saye da tsaba, dokar ba ta taɓa shi, lebura ne ake hana wa firji. An cire ta a 1947, aka mayar a 1948, aka sake mayarwa a 1950 lokacin yaƙin Koriya, ta tafi a 1952.

Irin wannan doka tana aiki ne inda bashi ke da takarda, kanti ke da rajista, mai saye ke da albashi. Yanzu mu dawo gida.

Ojukwu ya yi shelar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, aka fara harbi ranar 6 ga Yuli, ba a gama ba sai Janairu 1970. Gowon ya ba Obafemi Awolowo ma'aikatar kuɗi, kuma abin da aka fi tunawa da shi shi ne Najeriya ta yi yaƙin ba tare da ta ciwo bashin waje ba. Sojan da bai wuce wajen 10,000 ba ya haura 200,000, kowa da albashi da kaki da bindiga. To ina aka samo kuɗin? A cikin gida. Aka ƙara haraji, aka hana shigo da kaya da dama, aka tattara kuɗin ƙetare hannun babban banki, gwamnati ta riƙa sayar wa bankuna takardun bashinta. Aka kuma tilasta wa ma'aikata ajiyar kashi 5 cikin ɗari na albashinsu, wai sai bayan yaƙi a mayar musu. Ku duba yadda abin ya juye: a Amurka ana hana ma'aikaci cin bashi, a nan gwamnati ce ke cin bashin ma'aikaci ko yana so ko ba ya so. A 1969 aka yi sabuwar dokar bankuna, babban banki kuma ya fara aika wa bankuna takardar umarni kan inda za su karkata bashi, noma da masana'antu a gaba, shigo da kaya da sayen kayan jin daɗi a baya. Wannan shi ne ɗan uwan Doka W mafi kusa da na samu a yankinmu.

Amma wa ya taɓa? Manyan ma'aikatan Legas da Kaduna masu neman bashin mota, da ƴan kasuwa masu asusu a banki. Manomin Katsina ko na Kornaka bai taɓa shiga banki ba balle a hana shi. Bashinsa yana zuwa ne ta hanyar gyaɗa. A Najeriya hukumar sayen amfanin gona ce ke ba manyan dillalai masu lasisi kuɗi, su kuma su raba wa yaransu, yaran su bai wa manomi tun gyaɗa na ƙasa, ya sayi hatsi ko ya biya haraji, da kaka ya biya da buhu. A 1968 Babban Bankin Najeriya ya karɓi aikin ba waɗannan hukumomi bashi kai tsaye. A wajenmu kuma tun 1962 SONARA ce ke da ikon fitar da gyaɗa waje, alhazan Maraɗi suna saya mata ta irin wannan sarƙa. Babban banki yana riƙe da kan igiyar, manomi yana can wutsiya, tsakaninsu hannu biyar ko shida, ba wanda ya rubuta wa wani komai in ba a ƙwaƙwalwa ba.

Abin da ya iso wutsiyar da gaske shi ne canjin kuɗi. Ƴan Biyafara sun riƙe takardun fam masu yawa daga rassan babban banki na Inugu da Fatakwal, sun kuma kwashi na Benin lokacin da suka shiga garin a 1967. Da su suke sayen makamai a waje. Sai a watan Janairu 1968 gwamnatin tarayya ta fito da sababbin takardu, ta ba da wa'adin da bai kai wata guda ba, bayansa tsoffin sun zama takardar banza. Ta fuskar yaƙi dabarar ta ci, Biyafara ta wayi gari da tarin kuɗin da ba mai karɓa, dole ta buga nata. Ta fuskar mutanen kan iyaka kuwa, ga labarin Baba Tsoho.

A lokacin saurayi ne, yana koren shanu ga wani maigida. Bayan kaka sukan tashi daga Dakoro da ƙafa, su gangara ta Maraɗi su ƙetare ta Jibiya, har kusa da Kano, ƙasar da har yau yake ce wa Ingilishi. Shanu ba a sayar da su kuɗi hannu. Fatoma ne, wato mai masauki, ke haɗa ka da mai saye, ya tsaya masa, a yanka wa'adi. Wani masani mai suna Abner Cohen ya yi nazarin wannan tsari a unguwar Sabo ta Badun, littafinsa ya fito a 1969, ya nuna yadda dukiya mai yawa ke yawo tsakanin baƙi da mahauta ba da sa hannu ba, sai da sunan mai masauki. A waccan shekara an aiki Baba Tsoho ya koma karɓo cikon kuɗi, fam 63.

Ga yadda yake faɗa, kuma na ji shi ya fi sau goma: “Kai ɗan lakwal, tun da nike ban taɓa ganin mai bashi na neman mai binshi ba sai rannan. Ko ruwa ban sha ba mutumen ya iso masauki, yac ce ga kuɗinku. Ni ko nac ce wanga akwai mutumen kirki.”

Na tambaye shi ko bai ji ana maganar canji ba. Ya ce ya ji. “Anka ce kuɗin da ƴan tawaye sunka ɗauka za a kashe. Nau ba na sata ba ne, mi ya haɗa ni da su?” Ga shi ba ya da wata takardar shaida, ga soja a hanya, ga dogon layi a ƙofar banki, shi kuma ɗan Faransi. Ya ɗaure kuɗin a ƙugu ya kamo hanyar gida, ya tsaya ƙauyuka biyu wajen dangi. Da ya iso Maraɗi ya miƙa wa mai canji, mutumin ya juya takardar ya mayar masa ya ce wannan ai gawa ce.

A Hausa wanda ya ba da bashi shi ne mai bin bashi, shi ke bi, wanda ya ci yana zillewa. Canjin kuɗi ya juya fi'ilin: duk mai bashi a wuya ya tashi yana bin wanda ke binsa, don ya sauke masa takardar da ta kusa mutuwa. Ba wata takardar umarni da ta ce a yi haka, amma cikin mako uku an biya basussukan da aka shekara ana ja-in-ja a kansu, kuma asarar ta gangara wajen wanda ya fi nisa da banki da rediyo.

Tambayar da ta rage ita ce, an biya ko ba a biya ba? Da rani ya zagayo suka koma, aka zauna a zauren fatoma. Mai saye ya ce ranar da ya biya kuɗin na da rai, kuma gaskiya ya faɗa. Maigidan Baba Tsoho ya ce ya san za su mutu ya yi shiru, shi ma gaskiya ya faɗa. Fatoma ya biya rabi daga aljihunsa, don idan labari ya kai arewa cewa an cuci baƙonsa, ba mai sake sauka gidansa. Sauran rabin aka riƙa cirewa daga ladan Baba Tsoho har shekara biyu. Aurensa da kakata ya ja baya da damina guda saboda haka, ita kuma har ta rasu tana yi masa gori.

Nan zan ɗan ratse, ku yi haƙuri, sana'a ce. Abin da fatoma ya yi sunansa lamuni. Kalmar daga Larabci take, daga tushen da ke nufin tsaya wa mutum, kuma harafin “dad” na Larabci yakan zama “l” a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru a alƙali da larura da layya. Muna da aro, inda abin da ka karɓa shi za ka mayar, kamar jaki ko galma. Muna da rance, inda za ka cinye ka mayar da kwatankwacinsa. Muna da jingina, da adashi, da asusu. Maƙwabtanmu Fulani suna da habbanaye, a ba ka saniya ka riƙe har ta haihu, ƴaƴan naka, uwar ta koma. Kowace kalma da nata hukunci kan wanda zai ɗauki asara idan abu ya lalace. A aji muna rubuta “crédit” mu wuce, kamar duk abu ɗaya ne. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai ba kowane hanji babban banki ke gani ba. BCEAO, namu babban bankin, tana da iyakar kuɗin ruwa: a Janairu 2014 an sa kashi 15 cikin ɗari ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun bashi. Wanda ya ranci tiyar hatsi a watan Agusta zai mayar da biyu da kaka, wata uku kacal, abin da wasu ke kira a-ci-ba-daɗi. Ku yi lissafin da kanku.

Ba kowa ne ya yi asara a yaƙin ba, gaskiya. Kayan da Najeriya ta hana shigowa da su, irin su taba da atamfa, sun samu hanya ta Maraɗi, kuma Emmanuel Grégoire, wanda ya rubuta littafi kan alhazan garin a 1986, ya nuna cewa daga nan wasu manyan dukiyoyi suka samo tushe. Can kudu kuma, bayan yaƙi, wanda ya kawo kuɗin Biyafara fam 20 aka ba shi komai yawansu, ciwon da har yau bai warke ba. A 1984 Buhari ya sake canza kuɗi ya rufe iyaka, ga fari, har mutanenmu suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa.

Da ban damu da wannan tarihi haka ba in ba don 2023 ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi ranar 30 ga wata, aka rufe iyakoki, aka daskarar da kuɗin gwamnati da ke BCEAO, ana ta maganar za a kawo soja. Harbi bai tashi ba, Alhamdulillahi, amma tattalin arziki ya ɗanɗani yaƙi. Tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, bankuna suka sa iyaka kan abin da mutum zai fitar. Ina gida hutu lokacin. Kawuna malamin makaranta ne, albashinsa na cikin asusu a rubuce, amma sai ya wuni a layi ya dawo da ɗan abin da bai kai ko'ina ba. Gida goma sha suna ci daga hannunsa.

Duk unguwa ta koma kan mai kantinmu da littafinsa, wani kaye na ƴan lakwal mai shafi 200. Mako biyu ya yi yana rubutawa, sannan wata safiya ya kafa doka. Shinkafa, gero, mai da sabulu, zai ba da bashi. Sigari, madarar gwangwani, lemo da katin waya, kuɗi hannu. Ba ya buɗe wa mutum sabon shafi sai ya biya rabin tsohon, kuma ƙarshen wata shi ne wa'adi. Gidan da aka yi rasuwa ko haihuwa ko ake jinya, wannan daban, ba ya ƙirgawa. Bai taɓa jin sunan Eccles ba, amma ga jerin kaya, ga kuɗin ajiya, ga wa'adi, ga waɗanda aka ɗauke wa. Har takardar faɗin dalili akwai, ta baki: “Mushe, wanga sukari na baƙi ne ko na shayin majalisa?” Na ce masa, “Alhaji, ka zama gwamnan banki.” Ya ce ba shi ya so ba, babban ɗan kasuwar da ke ba shi kaya a Maraɗi ne ya rage masa wa'adi daga wata guda zuwa kwana goma, shi ma don na gaba da shi ya matsa masa.

Sukar da aka yi wa Doka W ta hau kan tasa. Masu tsaba sun ci gaba da shan madararsu. Waɗanda aka fara rufe wa shafi su ne marasa albashi, ƴan ga-ruwa da matan da mazansu ke ci-rani a Najeriya, don shi kansa ya san ma'aikaci ko ba daɗe za a biya shi. Wasu matan ƙungiyar asusunsu ce ta riƙe su, irin ta Mata Masu Dubara da aka fara a wannan jiha tamu a 1991. Wasu sun sayar da akuya a farashin da ba na so in rubuta. Ban ga laifin mai kanti ba, da ya karye da duk mun kwana da yunwa. Amma na ga inda nauyin ya sauka, wuri ɗaya da na 1968.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024. Kawu bai gama share shafinsa ba sai bayan babbar salla. Da na je wa Baba Tsoho sallama zan koma Yamai, na roƙe shi ya ba ni ɗaya daga cikin takardun fam huɗu da ya ajiye a gwangwanin, in nuna wa ƴan ƙungiyarmu, in ya yiwu mu buga hotonta a bangon wannan ɗan littafi. Ya buɗe, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kamar wani zai rage, ya miƙo mini guda. Har na kai ƙofa ya kira ni. “Aro ne fa, ba rance ba. Ita wannan ɗin za ka maido min.”